Kilishin da ya sauke alƙaliya daga kujera

Ko zan tsufa har in manta lambar gidanmu, ba zan manta ranar da na kai wa wata alƙaliyar Amurka tsaraba a Kuala Lumpur ba.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin shari'a, muna zaune a unguwar Danau Kota ni da maiɗakina. Jami'armu ta shirya gasar shari'ar gwaji, inda ɗalibai ke tsayawa a matsayin lauyoyi gaban alƙalai na gaske. Ni da wani abokina Bazazzagi muka kai zagayen ƙarshe. Wadda za ta jagoranci zaman kuwa wata dattijuwa ce da ta yi ritaya daga kotun ƙoli ta wata jiha a Amurka. Tarihinta a kaina yake: 'yar manomi ce, ta fara da kare talakawan da ba su da halin ɗaukar lauya, daga baya ta tsaya zaɓe, don a jiharsu ƙuri'a ake jefa wa alƙali kamar kansila. Rabin kundin bincikena a kan hukunce-hukuncenta yake. Ba ni da burin da ya wuce in tsaya gabanta in baje abin da na koya.

Ana gobe gasa na ce zan je masaukinta in gaishe ta. Maiɗakina ta riƙe haɓa. "Haka za ka je wa babbar mace hannu rabbana? Wa ya raine ka?" Ta tura ni Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin 'yan yadi, na yanko yadi mai kyau, ta haɗa da kilishin da aka aiko mana daga gida, wanda ni kaina sai na yi magiya take gutsura mini.

Dattijuwar ta karɓe ni da fara'a. Na rusuna na ajiye leda. Ta leƙa, ta yaba ƙamshin, sannan ta tambaya ko ina cikin masu tsayawa gabanta gobe. Na ce ƙwarai, har da washe baki, ni ga mai tarbiyya.

Sai ta ce, "Na san gaisuwa ce. Amma abokan karawarku ba za su ga zuciyarka ba, leda za su gani." Ta ba ni labarin yadda ta taɓa janyewa daga wata shari'a don kawai mai ƙarar ya taɓa ara wa mahaifinta tarakta. Ta miƙo mini kayana, ta ce dole ta sanar da masu shirya gasa. Na karɓi ledata na fita.

Na iske abokina a shagon mamak, irin gidan abincin Indiyawa Musulmi na can, yana shan shayi, na karanta masa. Ya dafe kai, ya hau ni da Hausarsa da ta gauraya da Turanci da yaren Malay. "Wata huɗu muna preparation, ka je ka kai wa judge tapau, ƙunshin abinci? Malam, ka gama da mu! Disqualify za su yi mu, lah."

Washegari zaure ya cika. Kafin a fara ta miƙe ta faɗi komai, ba ta rage ko kilishin ba. Ta ce ɗalibin ladabin garinsu ya yi, kada a kore shi, ita ce za ta sauka. Ta tattara takardunta ta koma can baya cikin 'yan kallo, wani alƙali ɗan Malaysia ya maye gurbinta. Aka yi ta dariya, abokina yana hamdala, ni kuwa kamar in yi kuka. Matar da ta tsallako rabin duniya, wadda na yi shekara ina karanta ta, ƙeyata kawai ta kalla har na gama jawabi. Mu muka zo na biyu, kuma ko a jikina.

Yau ni ma ina kan kujerar alƙalanci a gida, 'yan uwa har suna ce mini Bature saboda ledojin da nake mayarwa daga bakin ƙofa. Ba na jin haushinsu, don na san da zuciya ɗaya wasu ke kawowa. Ni ma da zuciya ɗaya na kai tawa. Abin da na koya a wurin dattijuwar nan shi ne, tsarkin niyyar mai bayarwa ba ya kwantar da hankalin wanda ya zo kotu ba shi da abin bayarwa.