Ranar da Kwatar Nima Ta Cika da Koko

Ko na manta komai a aikin nan, ba zan manta da Jumma'ar da Rukayya ta kawo zanenta zaman duba aiki ba. Ku da kuka zo daga baya kuna jin muna cewa "alheri ne" kafin mu taɓa aikin mutum, har kuna dariya. To ga inda abin ya samo asali.

Shagonmu na ɗab'i a nan unguwar Nima, kun sani, da fastocin biki da na suna da na addu'ar mamaci yake ci. A lokacin ni ne babba a teburin zane, a samana sai Masta Alhassan mai shagon. Rukayya kuwa tana ɗakin baya tana yankan sitika, aikin da ake ba sabon shiga. Ƙa'idarmu ita ce duk Jumma'a in an sauko daga masallaci, a ɗora shayi, a saka aikin da ba a gama ba a babban allon kwamfuta, kowa ya faɗi abin da ya gani. Ba a jin kunyar kowa a wannan zama. Ni kaina an taɓa kiran zakin da na zana akuya mai ciwon haƙori, na haɗiye na ci gaba da shan shayina.

Kowace shekara muna buga kalanda mu raba wa masu kawo mana aiki, kuma kullum hoton masallaci ne. Wannan karon Masta ya ce duk wanda ya kawo zane mai kyau nasa za a sa, in kuma ɗan ɗakin baya ne, ya dawo teburin zane. Rukayya ta riƙe maganar nan gam, don wuƙar sitika ta gama da yatsunta.

Da zanen ya hau allo, kowa ya matso yana kallo. Babbar kwatar Nima, wadda ba ka wucewa sai ka toshe hanci, ta cika fal da koko yana tururi. Trotro, bas ɗin hayarmu, mai ƙafafun kaza yana tsallake ta. Kifaye suna yawo tsakanin wayoyin lantarki, ga rana biyu, ga buta mai fukafukai, ga rago sanye da tabarau. Hannun yarinyar yana da kyau, amma idona ya rasa inda zai zauna, inuwa kuma kowace ta kama gabanta.

Na gyara murya zan fara, Masta ya riga ni. "Rukayya, ina kika samo wannan abu?"

"Mafarki na yi, Masta."

Masta ya ajiye kofinsa. "Alheri ne, in sha Allahu."

Kowa ya amsa da amin, har da ni. Mun taso ana gaya mana cewa mafarki yana bin fassarar da aka fara yi masa, don haka ba a jifansa da mummunar magana. Nan take na haɗiye gyaran da na shirya. Ta yaya zan ce kifayen nan sun yi yawa, bayan Masta ya riga ya ce kifi arziki ne? Fuseini mai injin bugawa ya ce trotro tafiya ce, kuma yana jin ƙanshin Makka. Anti Mariama da ke karɓar aiki a teburin gaba ta ce rago mai tabarau ai miji ne mai ilimi. Har an fara shawarar wa za a aika ya sayo masa a yi sadaka.

Rukayya ta miƙe, idonta ya kawo ruwa don haushi. "Ni ba wurin malam na zo ba, aiki na kawo. Zanen bai gyaru ba koraa, ko kaɗan, ni ma na sani, amma na kasa gane inda ya ɓaci. Yaya Sule, kai da ba ka ƙyale kowa, yau ka zama bebe?"

Maganar ta shige ni. In na yi shiru, zanen ba zai hau kalanda ba, ta koma wa wuƙarta da albarkar bakinmu kawai.

Sai na ce, "Masta, mafarkin alheri ne, ba mai taɓa shi. Amma abin da ta ƙara da hannunta tana farke, shi ma mafarki ne?"

Masta ya shafa gemu kamar alƙali. "Abin da hannu ya ƙara, aiki ne. A yanka."

Ga wanda bai sani ba, zanen kwamfuta hawa-hawa ake yin sa, kowane abu da nasa hawan, muna ce masa leya. Kana iya kashe ɗaya ka bar sauran. Na ja kujera na fara tambaya.

"Ragon nan, kin gan shi a barci?"

"Ni na ƙara."

Na kashe shi, Anti Mariama ta yi tsaki don an kore mata ango. Rana ta biyu ta tafi, buta ta bi ta. Da muka zo kan kifaye Masta ya ce, "Chale, abokina Sule, ka bar mini ko ɗaya." Na bar masa.

Da tarkacen ya ragu, sai ga wata mata can a kusurwa, ƙarama kamar ƙwayar gyaɗa, zaune a kan kujera 'yar tsugunne, tana zuba koko a kwatar da ludayi. Duk zamanmu ba wanda ya lura da ita.

"Wannan fa?"

Rukayya ta sunkuyar da kai. "Mma ce. Ita kaɗai na gani, tana zubawa, kwatar tana cika. Kunyar kawo uwata allo nake ji, shi ya sa na tara mata kaya."

Mma Adiza ta yi shekaru tana sayar da koko a Maamobi, unguwar da ke kusa da mu, kuma ba a daɗe da rasuwarta ba. Na ce wa Rukayya ta ƙara mata girma a zanen, ta kawo ta tsakiya, haske ya fito daga tururin kokon, inuwa duka su bi hanya ɗaya. Na ƙara da cewa trotron ma ya tafi.

Nan ta ƙi. "Shi ma ni na ƙara, amma yana nan. In ba trotro, wa zai san Nima ce? Kuma ka taɓa ganin motar da ta fita daga cunkoson nan da taya?"

Ta fi ni gaskiya, na janye hannuna.

Zanen ya hau kalanda, Rukayya ta dawo teburin da kuke ganinta a yanzu. Kifin Masta yana nan shi kaɗai a sama, kuma duk ranar da aiki ya yi yawa sai ya nuna mana shi.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa kawo aiki shi kaɗai, akwai abin da suke ɓoyewa a bayansa. Ka fara da alheri, ka tambaya kafin ka yanka, amma ka yanka ɗin.

Ranar da muka fara raba kalandar, wani tsohon direba ya karɓi tasa ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Ya ce, "Wannan ai Adiza ce mai koko. Ludayinta kullum cike yake, ba ta taɓa zuba wa mutum rabi ba." Bai san 'yarta ce zaune a bayansa ba. Ya maƙale kalandar a hammata, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, mu duka muka shafa.