Bashe da Damin Iri

Motar ta fara ƙwanƙwasa a shekarar da fari ya dawo mana karo na biyu, lokacin sojoji na kan mulki. Bashe ce, irin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da rufin tanti. Na saye ta tsohuwa a Abijan, da abin da na tara ina tafinta a tashar jiragen ruwa, na tuƙo ta da hannuna har Tasawa. Ta yi mini shekaru tana jigilar mutane da awaki tsakanin Tasawa da Mayahi ranakun kasuwa. Sai wata safiya na tayar da ita, na ji wani sauti daga cikin moter, wato injin, kamar ana daka a turmin da babu komai cikinsa.

Makanikena taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, garejinsa inuwar wani dogon yaro a bakin tasha. Ya ɗora wani siririn ƙarfe a kan moter, ya kara kunne a ɗaya bakin, ya daɗe yana saurare.

"Ɗan mace," ya ce, don haka yake kirana tun muna yara, "wannan tsohuwa ta gaji da kai. Wani hannu ne a ciki ya saki. In an buɗe an sa sabo, ta ƙara shekaru. In ka ci gaba da hawanta, wata rana ya ɓalle ya huda mata ciki, sai a yi wa kaji akurki da ita."

"To, buɗe mana."

"In buɗe in sa mi? Kayan na Kano, iyaka kuwa a rufe."

Na ga yadda ake yi da irin wannan ciwo a wurare da dama. A Kumasi akwai maƙeran da za ka kai musu karyayyen ƙarfe da safe, su zuba maka sabo kafin la'asar. A Tamanrasset na ga direba ya yanki fatar ɗamararsa ya cusa a wurin, ya ƙetare hamada da ita. A Faransa, inda na taɓa raka wani maigidana, ko kallon irin motata ba sa yi, sai su ja ta wani fili a jibge ta kan ƴan uwanta. Mu a Tasawa ba mu da maƙeran Kumasi, ba mu kuma da wadatar da za mu jibge mota. Jira kawai gare mu. Taubashina ya ce akwai wani mai babur da ke ratsa daji ya shigo da kaya, amma yaushe zai zo, sai Allah.

Da jiran ne kaɗai, da na jira. Amma a makon nan wani Bafillace da ya kawo ragowar shanunsa kasuwa ya neme ni da saƙo daga ƙauyenmu, arewa da Mayahi, wajen Tchaké. Can mahaifiyata take, a gidan yayana. Rumbuna sun ƙare tun tuni, yara na kan anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an sake jiƙawa kafin su ciwu. Abu guda ya rage a gidan, damin iri da Inna ta rataye a ɗakinta. Zangarniyoyi ne da ta zaɓa da hannunta, irin geron gidanmu mai saurin nuna, wanda ruwa kaɗan ke isarsa. Saƙon yayana shi ne: in hatsi bai zo ba kafin kasuwa ta zagayo, zai shiga ɗakin Inna ya sauke damin a daka wa yara. Na san abin da zai biyo baya. Gidan da ya ci irinsa ba ya jiran damina, kudu yake nufa, kuma na ga isassun mutanenmu a bakin titunan Kano da suka tafi da niyyar wata biyu.

Kuɗi babu a hannuna, don fasinja sun ɗauke tun da kasuwa ta mutu. Mota kaɗai gare ni.

Akwai wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi, da ya daɗe yana zawarcin bashen. A wancan zamani masu hatsi a tsorace suke, don sojoji ba su wasa da wanda aka ce ya ɓoye abinci, saboda haka ta bayan gida yake ciniki, da murya ƙasa ƙasa. Ya zo ya saurari moter shi ma, ya taɓe baki, ya ce kuɗi ba zai bayar ba, amma zai cika bayan motar da buhunan gero.

Taubashina ya ja ni gefe. "Kada ka sallama. Fari wucewa zai yi, mota kuwa in ta tahi ta tahi. Da mi za ka ci abinci baɗi? Da Faransancinka?"

"Gwaggonka fa?"

Ya san ɗakin, ya san damin, ya sha cin dukan Inna a kan taɓa shi.

Ko da na yarda in sayar, sai ga wata matsala. Wa zai kai hatsin? Shanun amalanke sun mutu, waɗanda suka rage ba su iya jan kansu. Buzaye sun yi kudu da raƙumansu. Motar da zan sayar ita ce kaɗai za ta iya kai kuɗinta gida. Alhaji ya shafa gemu, ya kawo sharaɗi: za a loda buhunan, in tuƙa, shi yana zaune kusa da ni. In ta kai ƙofar gidanmu da kanta, hatsi nawa, mota tasa. In ta mutu a hanya, mota tawa, hatsi nasa. Ban taɓa jin ciniki irin wannan ba a duk inda na zauna, amma na miƙa masa hannu.

Muka tashi da hantsi, mu uku a gaba. Taubashina ya rufe garejinsa ba tare da na roƙe shi ba, ya zo da bido, wato jarka, cike da ruwa da wani baƙin mai mai kauri da ya ɗura wa moter don ya rage kukan. Nauyin buhunan ya sa bayan motar ya zauna. Ina tafiya a hankali, kunnena duka biyu na cikin moter.

A mafitar gari akwai shinge, ganga biyu da sanda, da jandarma a inuwa. Ya ɗaga hannu. Taubashina ya raɗa mini kada in kashe, don in ta mutu da zafi ba lalle ta tashi ba. Jandarman ya zagaya baya, ya ɗaga tanti, ya daɗe. Allurar zafi na hawa ina kallonta. Ya dawo ya leƙo, ya yi tambaya da Faransanci, sannan ya maimaita da Hausa yana duban Alhaji, wanda duk garin ya san sana'arsa.

"Hatsin wa?"

"Nashi ne, ranka ya daɗe," Alhaji ya ce da sauri, yana nuna ni. "Na iyalinshi. Ni rakiya nike."

Na ba jandarman amsa da Faransanci, na faɗa masa sunan ƙauyen da yawan bakin da ke jira. Ya dube ni, ya dubi motar da ke rawa tana ƙwanƙwasa, ya ce in wannan ta kai Mayahi shi ma zai yi mamaki. Ya ɗage sandar.

Hanyar ba ta da abin kallo. Gonaki fayau, ko tushen kara babu. Mun wuce ƙauyuka da rumbunansu a buɗe, an kware jinkar an ba dabbobi. Nan da can sai mu tsaya taubashina ya ƙara ruwa, moter na ci gaba da juyawa. Alhaji ya fito da carbi. Duk lokacin da na taka mai sai ya ce, "A hankali, Malam, a hankali." Na lura shi kansa bai san abin da yake roƙo ba. In ta kai, ya samu mota. In na matsa mata don ta kai, gawa zai samu.

Bayan Mayahi muka gangara Gulbin Kaba, inda rairayi yake da zurfi. Na sha bin wurin, kuma dabarar ɗaya ce: in ta kafe, ka sauka ka kwaso karan gero daga gonar da ke kusa ka shimfiɗa mata. Shekara da shekaru haka muke yi, har ban yi tunanin ɗauko katako ba, taubashina ma bai yi ba. Ta kafe har ciki. Muka sauka, muka duba gabas da yamma. Babu kara ko ɗaya, dabbobi sun cinye, abin da suka bari mata sun ƙona. Kabar da ke gulbin ma an sassabe ta har ƙasa.

Moter na juyawa, zafi na hawa, rana ta take tsaka. Taubashina ya haye baya ya fara kwance igiyar tanti.

"Kai, kai!" Alhaji ya daka tsawa. "Tantin za ka sa ƙarƙashin taya? Ka yaga mini shi?"

"Au, Alhaji, tun ba mu kai ba ta zama taka? To zo ka tura kayanka."

Ya kuwa tuɓe babbar riga ya tura. Muka haƙa da hannu, muka shimfiɗa tantin, na taka mai fiye da yadda ya kamata, don babu wata hanya. Ta fita. Amma daga nan sautin ya sake, ya koma kamar ana buga guduma a ƙarƙashin ƙafata.

Na hango gawon da ke bakin gonarmu, na hango katangar masallaci. Muna daidai gawon sai wani abu ya fashe a ciki, motar ta yi tsalle guda, ta yi shiru. Baƙin mai ya malalo kan rairayi. Daga inda muke, in ka ɗaga murya za a ji ka a gidanmu.

Alhaji ya sauko, ya duba ƙarƙashi, ya duba tazarar da ta rage.

"Malam, ba ta kai ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ni na miƙa masa hannu a kan haka. Mutane sun fara fitowa daga ƙauyen, a hankali, don babu mai ƙarfin gudu. Na gane yayana a cikinsu da tafiyarsa, duk da ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa. Idonsu duka na kan buhunan, da yake babu tantin da zai rufe su.

Taubashina ya goge hannu da tsumma, ya ce da fara'a kamar ana hira, "To, Alhaji, sai mu nemo jakai mu mai da kayanka Tasawa. Ni zan riƙe maka igiya a shinge, kai ka yi wa jandarma bayani yadda hatsin iyalin Malam ya zama naka kafin la'asar."

Alhaji ya dube shi, ya dubi mutanen da suka kewaye mu. Ya daɗe yana jan carbi.

"Kai dai ɗan banza ne," ya ce a ƙarshe. "Kai za ka gyara ta. Ko sisi ba ni ba ka na aikin hannu. Tantin kuma ku ɗinke."

"Na ji. Ai gwaggona ce."

Alhaji ya juyo gare ni ya miƙo hannu. Na ce na sallama. Ya ce Allah ya sa albarka, da muryar wanda aka taka wa ƙafa. Na ciro makulli na ba shi, ko da yake babu abin da zai tayar.

A ka aka kwashi buhunan, mutum biyu ko uku a kan kowane. Na shiga ɗakin Inna na durƙusa. Tana zaune a kan tabarma daidai ƙarƙashin damin, inda aka ce nan take yini. Ba ta tambayi mota ba. Ta ce, "Ka iso? Ka sha ruwa?" Na ɗaga kai na dubi damin. Yana nan a rataye, amma gefe guda ya zaizaye, an zare zangarniyoyi kaɗan. Ban tambayi wanda ya zare ba, ita ma ba ta faɗa ba, sai dai na ga ƙananan jikokinta sun fi manne mata fiye da uwayensu.

Motar ta kwana biyu a gindin gawo kafin a samu babbar mota ta ja ta. Da ruwa ya sauka, a ƙafa da kan jaki na zo shuka, muka shuka abin da ya rage na damin. Taubashina ya cika alkawari bayan an buɗe iyaka, yana aikin yana zagina. Alhaji ya sa wani direba, bashen ta koma hanyar Mayahi, ta kuma yi shekaru. Na sha hawanta ranar kasuwa, a baya, tsakanin awaki, ina biyan kuɗina cif kamar kowa, don Alhaji bai taɓa rage mini ko dala ba. Ɗinkin tantin yana daidai saman kaina, kuma har aka daina ganinta a hanya ban iya zama a cikinta ba tare da na kasa kunne ga moter ba.