Ranar da Baba Sa'adu Ya Riga Firji Kuka

A wani ƙaramin asibiti da ke wajen Dinawa, babu wanda ya kai Baba Sa'adu mai gadi daɗewa. A da manomin albasa ne a fadamar Goronyo, ciwon baya ya koro shi. Shekara ashirin da biyu ke nan yana gindin darbejiyar bakin ƙofa, carbi a hannu, goro a kumatu. Ba shi da abin taƙama a duniya kamar kunnensa. Ya sha cewa tun babur na barin Wurno yake gane ko na wane ne, kuma ba wanda ya taɓa bin hanya don ya ƙaryata shi.

Da aka kawo firjin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana, sai kunnen ya samu muƙami. Firjin na da ƙararrawa. In cikinsa ya ɗumama har ma'aunin da ke jikinsa ya haura lamba takwas, sai ya hau tsuwa kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Ranakun da ma'aikata ke fita ƙauyuka Baba kaɗai ake bari. In ya ji kukan, ya kwashe alluran ya sa a akwatin ƙanƙara, ya buga waya. In ya makara, allurar yaran ƙauye goma ta tashi aiki.

Abin da ba wanda ya sani, har matarsa, shi ne kunnen ya fara mutuwa. Baba ya koyi gyaɗa kai yana cewa "haka na" ga duk abin da aka faɗa, ko da tambayarsa ƙarfe nawa aka yi. Tsoronsa ɗaya ne, kada a gane a ce ya koma gida ya huta. Shi kuwa bai san abin da ake yi da gida da rana tsaka ba.

Mai kula da firjin, Elisabatu, 'yar Zuru ce mai son aiki ya tafi daidai. Sau ɗaya a wata take gwada ƙararrawar, kuma ba ta faɗin rana. Takan tsiyaya ruwan ɗumi daga filas a kofi, ta zaro wayar awon zafi daga firjin ta tsoma, ta zuba wa agogo ido. Abu biyu take rubutawa a littafi: ko firjin ya yi kuka, da kuma minti nawa Baba ya yi kafin ya iso.

To, tsoho dai tsoho ne. Ya lura Elisabatu ba ta shan shayi, filas ɗinta ja ba ya zuwa asibiti sai ranar gwaji. Da ya ga ta shiga ɗakin firjin da shi ta ja ƙofa, sai ya ja carbi zagaye ɗaya cur, ya kwasa da gudu har da yar da takalmi. Gwaji goma sha takwas ya ci a haka, ana ta yabon kunnensa, shi kuma yana karɓa ba kunya.

Ran nan mura ta kama Elisabatu, ta dafo citta da lemun tsami a filas ɗin. Ta shiga, ta ja ƙofa, ta zauna tana kurɓa. Sai ga Baba ya banko ƙofa yana haki.

"Na jiya shi, ɗiyata. Tun daga gindin icce na jiya shi."

Ta dubi firjin, shiru kake ji. Ta ce, "Me ka ji, Baba?"

"Wanga firji mana. Shina ta kuka."

Ta zaro wayar ta tsoma a kofin cittar. Ba a jima ba firjin ya ɓarke da tsuwa, har matan da ke jiran awo a baranda suka leƙo. Baba ya gyara tsayuwa ya ce, "Kin gani ko? Ya yi shiru. Da ya gan ni tsoro shika ji."

Dariya ta taso wa Elisabatu, ta danne ta. Baba ya waiga ya ga wata mata a bakin ƙofa ta toshe wa jaririnta kunne. Nan ya gane firjin kuka yake yi, shi ne ba ya ji.

Ta mayar da wayar, ta matso kusa da shi ta ɗaga murya. "Tun yaushe, Baba?"

"Damana biyu ke nan."

"Ranakun da muke fita fa? Da ya yi kukan gaske?"

"In kun hita, nan nika zama ƙasa gaban shi har ku komo. Ban yi boko ba, amma na san kamannin takwas. Ko salla nan gehe nika yin ta."

Tausayinsa ya kama ta ƙwarai. Ta buɗe littafin, biro ya tsaya mata a hannu, don ta san shugaban asibitin ne zai karanta, ta kuma san abin da zai biyo baya.

Baba ya ce, "Rubuta gaskiya, ɗiyata, ɗiyan mutane na. Ki ce firji lahiya lau shike, mai gadi na yal lalace. Amma ki sa ƙasa cewa idonai na nan da sauranshi."

Ta rubuta duka biyun, ta ja wa na biyun layi har takardar ta kusa yagewa.