Bikin da Barira Ta Yi Babu Ango

A wani ƙauye tsakanin Tofa da Rimin Gado, inda gonar wani ke ƙarewa a bakin ta wani, babu ko filin da akuya za ta kwanta, akwai wata mata mai suna Barira. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Idan ka bi ta bayan katangarsu da hantsi, ƙanshin suya ne zai fara gaishe ka, sannan muryarta tana yi wa kaji faɗa. Mijinta Malam Ɗanliti manomi ne mai sanyin hali, wanda idan aka tambaye shi ra'ayinsa sai ya fara leƙa fuskar Barira ya ga me ra'ayin nasa ya ce.

'Yarsu mace ɗaya ce, Rahmatu, kuma ita ce ta fari, don haka Barira ba ta kama sunanta, sai dai "yarinyar nan". Yarinyar nan kuwa Allah ya ba ta kai. A shekarar da kuɗin man fetur ya tashi, dala ta haukace, kwanon masara ya fi ƙarfin magidanci, a shekarar ce wata jami'a a Masar ta ɗauke ta karatun haɗa magunguna. Sun yafe mata kuɗin makaranta da na ɗakin kwana. Saura kuɗin takardun tafiya, da na jirgi, da abin da za ta ci kafin ta zauna da gindinta. Kuma sun faɗa a fili: idan aka buɗe makaranta a farkon kaka ba ta iso ba, gurbinta na wani ne.

Malam Ɗanliti ya wanke babbar rigarsa ya shiga birni. A ofishin tallafin karatu aka ce masa na bana an rufe, ya dawo baɗi. Ya je gidan wani Alhaji mai gidauniyar taimakon ɗalibai, ya tarar da layin da ya kai bakin titi, har da masu tabarma. Wani ɗan siyasa ya saurare shi da kyau, ya sa wa Rahmatu albarka mai tsawo, ya ba shi hula mai hotonsa. Banki kuwa da ya ji maganar kuɗin ruwa, ko zama bai yi ba.

"Sai dai mu jinginar da gonar bakin rafi," in ji shi, yana cire takalmi.

"Gonar da muke ci, Malam? In ka jinginar, sai mu riƙa dafa hular nan muna sha?"

Barira ta sayar da awakinta da ragon da take kiwo, aka yi takardu. Kuɗin jirgi ya tsaya ƙiƙam.

To, Barira tana da wata dukiya da ba a gani. Tun tana amarya ba a yi suna ko aure a ƙauyukan nan ba ta kai biki ba. Ka'idar kuwa kowace mace ta san ta: abin da kika kai wa ƙawarki, ranar naki ta ninka miki. Duk wannan zirga-zirgar, ranar auren Rahmatu take yi wa tanadi. Wata safiya tana cikin matsar tunkuza, sai ta tsaya da hannu duk mai.

"Malam, biki zan yi."

"Bikin wa?"

"Na yarinyar nan."

"Ikon Allah! Wa ya fito?"

"Jirgi ne ya fito."

Ta aika da alawa gida-gida, cewa ranar Asabar akwai taron sallama, kuma duk wadda ke da biki da ita, yanzu take so. Maganar ta zaga gari kafin alawar ta narke. Wasu suka ce ba a taɓa yi ba. Wasu suka ce ai Barira ce.

Ranar Asabar gida ya cika. Aka yi waina, aka yi zoɓo, aka fito da Rahmatu tana ta sunkuyar da kai. Sai dai fa a shekarar nan babu macen da ke da kuɗi a ƙulle a bakin zane. Abin da kowa ke da shi kwanuka ne, waɗanda aka daɗe ana tarawa a ƙarƙashin gado. Kuma matan sun yi tunaninsu mai kyau: yarinya za ta zauna ɗaki a ƙasar mutane, ai ba za ta tafi hannu biyu a ce daga gidan matsiyata ta fito ba. Haka suka riƙa shigowa, wannan da samira, wannan da farantai, wannan da tire, wannan da bokiti. Wata tsohuwa ta sa aka ɗauko mata turmi da taɓarya, ta ce ta ji Larabawa ba su iya daka ba. Mairo, babbar ƙawar Barira tun suna 'yan mata, ta shigo da kulolin abinci masu furanni, tana tafe tana guɗa.

Barira ta yi godiya har muryarta ta dushe. Da aka watse, ta tsaya tana kallon ɗaki cike da kaya har bakin ƙofa.

"Inna," in ji Rahmatu a hankali, "jaka biyu kawai ake yarda a shiga da su jirgi."

"Na sani. Je ki share tsakar gida."

Malam Ɗanliti ya leƙo, ya duba turmi, ya duba matarsa, ya ga wannan ba ranar ra'ayi ba ce, ya koma zaure.

Sayar da abin da aka kawo maka biki cin fuska ne, Barira ta sani. Amma ta fi sanin cewa gero ya fara nuna, kwanaki na tafiya. Ta aika aka kira mata Luba dillaliya, ta ja ta ƙuryar ɗaki.

"Ki kwashe a hankali, ki kai can wajajen Shanono, inda ba wanda ya san su. Kada ki kuskura ki buɗe su a garin nan."

"Haba Yaya Barira, ni ce fa."

Luba ta je tasha ta ji kuɗin mota, ta lissafa ta ga duk ladanta a hanya zai ƙare. Sai ta ce a ranta bari ta ɗan taɓa gidajen kusa tukuna, ai kwano duk kwano ne. Gida na uku da ta shiga, na Mairo ne.

Barira na gaban kasko sai ga Mairo ta faɗo babu sallama, mayafi a karkace, kula a hammata.

"Barira! Ni za ki aiko wa da kayana a sayar mini? Har ana ce mini wai na Dubai ne, an yi mini ragi?"

Barira ta so ta ce ba ta san zancen ba, amma ga Luba a baya tana soshe-soshen ƙeya. Sai ta sauke kaskon, ta goge hannu.

"Zauna, Mairo."

"Ba zan zauna ba!"

"To tsaya. Ni na ba ta. Masu jirgi ba sa karɓar kula. In ban haɗa kuɗin ba kafin a buɗe makaranta, yarinyar nan ta zauna ke nan, ni da ita mu yi ta suya har mu tsufa tare. Ki zage ni, ki gaya wa gari, duk na ɗauka. Amma sai ta tafi."

Mairo ta zauna a kan turmin tsohuwa.

"To don me ba ki ce kuɗi kike so ba?"

"A wace shekara? Na ce ku kawo abin da ba ku da shi?"

"Kin ji ki! Wayo kamar zomo, wauta kamar tunkiya. Ke ba ki san bayan girbi aure za a yi ta yi ba? Kowace uwar amarya na kuka da tsadar kwano a kasuwa, ke kina aika su Shanono."

Mairo ce ta karɓi ragamar. Ta bi gidajen da ke da 'yan matan da aka sa wa rana, ta faɗa musu gaskiyar magana, ta kuma kafa doka ɗaya: ba wadda za ta sayi abin da ita ta kawo, sai na wata, don kada a ji kunya. Wasu sun yi fushi, har yau akwai mai gaishe da Barira a tsaye. Amma yawanci sun zo. Mai kuɗi ta ba da kuɗi, marar kuɗi ta auno sabuwar gyaɗa, Barira ta soya ta matse, Malam Ɗanliti ya ɗora jarkoki a keke ya kai kasuwa. Turmi ne kaɗai ya ƙi sayuwa.

Da aka je sayen tikiti, aka tarar kuɗinsa ya ƙara tashi. Barira ta shiga ɗaki. Ta durƙusa ta jawo nata kwanukan daga ƙarƙashin gado, waɗanda ta tara wa ɗakin Rahmatu tun tana goye, ta ce wa Luba ta haɗa da su. A wannan karon tikiti ya fito, Rahmatu ta isa Masar ana saura kwanaki kaɗan a buɗe makaranta.

Bayan an kwana biyu Mairo ta zo ta sami Barira tana ɓarar gyaɗa.

"Yanzu kin cinye bikinki, kin sayar da kayan ɗaki. Ranar aurenta fa, me za ki jera mata?"

"Ranar ta zo tukuna. Ni yanzu abincinta na baɗi nake tunani." Ta tura mata ƙwarya. "Gobe Malam zai sayo mini 'yan awaki biyu. Sa hannu mana, kin zauna kina kallona kamar baƙuwa."