Fuskar Yaya Habu Tana Zubewa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Habu, mai buga hoto a jikin riga a Dutse Alhaji. Na so in ce kamar jiya ne, amma da na yi ƙarya. Ya yi nisa, kuma abin da ke cin raina bana shi ne fuskarsa ta kusa ɓace mana.

Ga wanda bai san sana'ar ba, raga mai laushi ake ɗaurewa a jikin katako, a shimfiɗa riga a ƙarƙashi, a ja tawada da roba ta ratsa. Ita tawada ba ta san kaɗan-kaɗan ba, ko ta sauka baƙa ƙirin ko kada ta sauka. Fuskar ɗan'adam kuwa daga hasken goshi take gangarawa a hankali zuwa duhun haɓa. Sai Yaya ya zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa ya farfasa hoton zuwa ɗigo-ɗigo, manya a wurin duhu, ƙanana a wurin haske. In ɗigon ya cika ƙanƙanta raga ta riƙe shi, goshi ya fito fayau. In ya cika girma su haɗe, mutum ya fito kamar gindin tukunya.

Yawancin aikinsa rigunan da ake sawa a jana'iza ne, masu hoton mamaci, na maƙwabtanmu Kiristoci 'yan Filato da Kudancin Kaduna. Ban manta Madam Rifkatu mai sayar da abinci a Mpape ba, ranar da ta kawo hoton mahaifiyarta. "Oga Habu, mama na ne wannan," in ji ta. "Ka yi shi da kyau, kar ya fito kamar wani mutum." Da ta zo karɓa, riga ɗaya ta ɗaga, ta zauna a bakin shagon tana kuka.

Yana da wata aƙida da na sha yi masa tsiya a kanta: ba ya gwada sabuwar raga da fuskar mamacin mutane. Wai kada uwar wani ta fito a lalace a kan tsumma, har a goge hannu da ita. Da fasfo ɗinsa yake gwajin. Nakan ce, "Yaya, da wannan hancin naka ta yaya za ka gane ragar ce ta karkace?" Sai ya jefe ni da tsumman.

Bayan rasuwarsa rusau ya bi ta layin, shago ya tafi da kwamfuta da komai. Shi kuma ba mai tsayawa gaban kyamara ba ne. Duk abin da ya rage mana ɗaya daga cikin tsummokaran gwajin nan ne. Da yake gwaji ne bai gasa tawadar da zafi don ta kama ba, don haka ɗigon yake marmashewa, ƙananan na goshi da kumatu su suka fara tafiya.

'Yarsa Zulai tana goye ya rasu, ba ta san shi ba sai a wannan ƙyalle. Watan jiya na kai ƙyallen wani shagon zamani a cikin gari, aka ce na'ura za ta gyara. Ta kuwa gyara. Ta cike ɗigon, ta fito da wani santalelen mutum mai hanci miƙaƙƙe. Zulai ta ce, "Gwaggo, wannan ne Baba?" Na ce mata ba shi ba ne. Na san da Yaya yana nan da saurin na'urar ya burge shi, don mutum ne mai son sabon abu. Amma da ya tambaye su, wannan ɗan waye?

Abin da ya bar mana bai taka kara ya karya ba a idon duniya. Akwai gidaje a Mpape da har yanzu suke ajiye da fuskokin iyayensu garau a ƙasan akwati, don ya gasa nasu da kyau. Nasa ne kawai bai gasa ba, kuma wannan yana min ciwo.

Shi ya koya min cewa irin wannan hoto ba a ganinsa a kusa, sai an ja da baya ɗigon ke haɗuwa ya zama mutum. Da, daga bakin gado Zulai take gane shi. Bara sai daga ƙofar ɗaki. Bana sai da muka fita tsakar gida, bayanmu ya taɓa katanga, sannan ta ce, "Na gan shi, Gwaggo." Ban san inda za mu tsaya baɗi ba. Allah Ya jiƙan Yaya Habu.