Ɗakin da Na Kasa Samo wa Baffa

Jami'armu a kan tsibiri take, kogi ya zagaye ta, kuma a tsakanin gine-ginen karatu akwai tsofaffin ƙauyuka da aka bari da mutanensu. Shekarar da na zo Guangzhou ta ƙasar Sin, kusan kowane gida a ƙauyukan nan yana da ɗakin da ake kamawa na kwana ɗaya ko na mako. Da wannan na dogara na bugi ƙirji na ce wa Baffa, yayan mahaifina da ya riƙe ni tun ina ƙarami, ya zo bikin kammala karatuna, masaukinsa yana wuyana.

Baffa mutum ne da zaurensa a Kano ba ya rabuwa da baƙo. Ɗan kasuwa ne, mai jinya ne, wanda mota ta lalace masa ne, sai an shimfiɗa masa tabarma kafin a tambayi sunansa. Kuma da hannunsa yake kai wa baƙo abinci, ba ya aike. Na shekara biyar ina jiran ranar da ni ma zan yi masa haka.

Saura mako biyu ya iso na je wurin tsohuwar da na saba kama wa abokai ɗaki a gidanta. Na tarar ta cire allon ƙofa. Ta ce an kawo sabon tsari: sai mai lasisi ne zai sauki baƙon kwana, sai ya gyara hanyar fita idan gobara ta tashi, sai ya kai rahoton kowane baƙo, na ƙasar waje kuwa takardunsa sun fi yawa. Ita ta gaji, ta zuba 'yan hayar shekara.

Na ce, "Laoban," wato mai gida, "kwana shida ne kacal. Tsoho ne, ubana ne."

Ta kaɗa hannu ta ce, "Meyo." Babu ke nan.

Ba zan ce dokar ba ta da dalili ba, don na san matakalar gidan nan, mutum biyu ba sa iya gilmawa. Amma dalili ba ya saukar da baƙo. Na bi ƙauyukan nan lungu-lungu, na sha meyo har na ƙoshi. 'Yan gidajen da suka samu lasisi iyayen ɗalibai sun cika su tuni. Ɗakin kwananmu na ɗalibai kuwa, na'urar ƙofa fuska take karantawa, kuma ba ta san Baffa ba.

Ƙarshe a unguwar Dengfeng na ajiye shi, a wani otal, hawa na sha ɗaya, taga ba ta buɗewa. Daga tsibirin zuwa can fiye da awa guda ne a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kullum da safe ina yawon neman sa hannun malamai a takardun kammala karatu, ba na isa wurinsa sai bayan la'asar, da abinci a leda ya huce. Shi kuma ba ya sauka. Sau ɗaya ya gwada, ya rasa hanyar komawa ɗaki, bai sake ba. Mutumin da ke wuni a ƙofar gida ana gaishe shi, ga shi ya wuni yana kallon motoci ta gilashi.

Rana ta uku na shiga na tarar ya dafa shayi kofi biyu, ya ja kujera ɗayar da ke ɗakin ya ajiye mini, shi ya zauna a kan darduma.

"Zauna, ɗana, ka sha hanya."

Kunya ta kama ni har na kasa zama. Wai ni Baffa yake sauka, a garin da na kira shi.

"Baffa, ka yi haƙuri. Wallahi ba haka na so ba."

Ya dube ni. "Ni kwana shida zan yi in tafi gidana. Kai da ka shekara biyar a inda ba ka da ikon ce wa mutum shigo, kai za a ba haƙuri."

Ya turo mini kofin, ya ce in sha kafin ya huce.