Malama Odessa da Ciyawar Vasko

Duk wanda ya yi sakandare a garinmu da ke jihar Nebraska ya bi ta hannun Malama Odessa Pruitt. Kimiyya take koyarwa, ni kuma motar makaranta nake ja, don haka kusan kullum ina shan mitarta. Mace ce gajera mai kaifin baki, kuma abu ɗaya ne ya hana ta sakat: karatun share fage da jami'o'i ke shirya wa 'yan sakandare a hutun bazara. Yaro ya tafi ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, ya ɗanɗana karatun manya tun bai gama aji na ƙarshe ba.

Kowace shekara sai ta zaɓi haziƙinta, ta nema masa gurbi, ta samu. Kowace shekara kuma sai wani abu ya gitta. Wannan ya sami aiki a gidan mai, waccan uwarta ta haihu, wancan ƙwallo ta ɗauke masa hankali.

"Garin nan, ko ka dafa ka kai musu baki, sai sun ce da zafi," in ji ta.

Ana nan sai ga Lorena, 'yar Dwight Vasko mai kiwon shanu, yarinya mai ƙwaƙwalwa kamar me. Malama ta samo mata gurbi a wata babbar jami'a can gabas, ta roƙe ni na raka ta gonar uban.

Dwight ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Malama, shanu ba su san hutu ba. Lokacin yankan ciyawa ne. Wa zai hau mini tarakta? Ke?"

"Ni ɗin," ta ce.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ƙafarki ma ba ta kai birki!"

Ta kai kuwa, bayan an ɗaura wa birkin katako. Lorena ta hau jirgi, Malama ta hau tarakta. Rana ta gasa mata wuya, tafin hannunta ya yi bororo, ta kayar da shingen Dwight, ya yi ta faɗa, ita ma ba ta raga masa ba. Duk da haka ban taɓa ganin ta cikin fara'a irin ta kwanakin nan ba.

Karatun bai ko yi rabi ba, ran nan da hantsi sai ga Lorena a bakin gona da jakarta. Ina wurin, na kawo wa Dwight igiya. Malama ta kashe tarakta ta diro.

"Me aka yi miki? Zaginki suka yi? Faɗa mini sunansu!"

"Ba wanda ya zage ni. Suna da kirki."

"To karatun ne ya fi ƙarfinki?"

"Ni ce ma ta ɗaya a gwajin farko. Malama, ɗaki ne ba iska, daga safe har yamma ana ta magana. Ni ba na so." Ta sunkuyar da kai. "Ke kike son zuwa. Na kasa gaya miki ne kawai."

 Malama ta cire safar hannu ta wurga wa Dwight a ƙirji, alhali bawan Allah bai ce uffan ba, ta shiga motarta ta ja.

Ta ƙara gwadawa da wasu yaran kafin ta yi ritaya. Ɗaya ya je ya gama, yanzu yana haɗa magunguna a birnin Omaha, amma ba ta cika zancensa ba. Zancen Lorena dai take yi. Lorena kuwa ita ke riƙe da gonar yanzu, kuma duk Kirsimeti sai ta kai wa Malama cinyar bijimi har gida. Malama takan karɓa ta juya naman, ta ce, "Wannan kan naki, a ƙare a bin saniya. Tir! Shigo, akwai sanyi."